Baba Sakan da Sakan Shidan da Suka Kori Dogo

Ƙarfe bakwai saura kwata yake shigowa tashar raba wutar lantarki, ko da ana tsuga ruwa. Sai ya jingine tsohon babur ɗinsa a gindin tanki, su gaisa da maigadi, ya saɓa tsani ya hau rufin ɗakin kula da wuta. A can sama akwai wani ɗan baƙin abu da bai fi akwatin ashana ba, an kife shi da gindin robar ruwa don kada damina ta taɓa shi. Ya goge ƙura da kashin tsuntsu da gefen hankicinsa, ya ja wayar da ke jone da abin a hankali ya ji ko ta saki, sannan ya sauko yana lallaɓa gwiwa. Daga nan sai ɗakinsa da ke ƙarƙashin bene, inda mutum mai tsayi ba ya miƙewa sosai. Teburinsa duk tabon ƙuna ne, gwangwanayen madara jere cike da ƙusoshi da guntayen waya, ga madubin ƙara girma ɗaure da igiyar takalmi. Yana jona ƙarfen narka dalma sai ya ɗauki wayar ofis ya bi ƙananan tashoshi ɗaya bayan ɗaya. Tambayar guda ce kullum.

"An tashi lafiya? Tana ƙiftawa?"

"Tana ƙiftawa, Baba."

Mutumin da muke kira Baba Sakan ke nan. A takardar aiki ma'aikacin gyaran na'urori ne, ƙaramin matsayi. Da shi ya shigo shekara talatin da huɗu da suka wuce, da shi kuma zai ajiye aiki ƙarshen watan nan. Sunan ma da tsokana muka laƙa masa, mu abokan aikinsa, lokacin da muke ganin ya zautu da lissafin sakan-sakan. Yau mu ne muke jin nauyin kiransa da shi, shi kuwa ya riga ya saba amsawa.

Da aka ce masa za a yi rubutu a kansa, sai ya juya ƙarfen dalma a hannu ya ce, "In dai za ku rubuta, ku sa har da abin da na yi wa Dogo. In ba za ku sa ba, ku bar shi kawai." To ga shi nan.

Dogo shi ne mai kula da ɗakin makullan wuta a babbar tasha. Tare suka fara aiki da Baba Sakan, a kwano ɗaya suke cin abincin rana, 'ya'yansu ma suna kiran juna yaya da ƙanwa. Wata ranar Talata da hantsi, shekara goma sha tara ke nan, 'yan layi suka fita gyara a ƙaramar tashar bayan gari. Ƙa'idar aikin a bayyane take: Dogo zai ja bireka, wato babban makullin da ke yanke wutar layin, ya sanar da su ta rediyo, sannan su haɗa layin da ƙasa su fara aiki. Dogo ya ce ya yanke. Jagoran 'yan layin, wanda ake kira Sarkin Hawa saboda iya hawan turken wuta, ya kama sandar haɗawa. Wuta ta tashi. Ya rayu, amma hannunsa na dama daga gwiwa a asibiti ya bar shi.

Kowace tasha tana da kwamfutar da ke rubuta duk abin da ya motsa da lokacin da ya motsa. Kwamitin bincike ya buga takardun biyu ya jera su. Ta ƙaramar tasha ta ce an haɗa layi da ƙasa ƙarfe sha ɗaya da minti bakwai da sakan goma sha huɗu. Ta babbar tasha ta ce an ja bireka a sakan na ashirin. Sakan shida a tsakani. Ma'ana, Dogo ya ce ya yanke alhali bai yanke ba tukuna.

Dogo ya rantse har muryarsa ta dishe. "Hannuna yana kan bireka na ji ta faɗa kafin na taɓa rediyo. Shekara goma sha biyar ina wannan aiki, ban taɓa faɗa kafin na yi ba."

Baba Sakan yana zaune a kujerar ƙarshe, shi kuwa ya san abin da sauran ba su sani ba. Kwamfutocin nan ba a haɗa su da intanet, dokar aiki ce. Agogon cikinsu kuwa kamar kowane agogo ne, wani na gudu, wani na jan ƙafa. Shi ne ke bin su farkon kowane wata yana saita su da hannu. A watan hatsarin bai bi ba. Ba ciwo ya yi ba, ba tafiya ya yi ba. Aiki ne ya yi yawa, ya ce gobe, goben ta zama jibi, har kwana hamsin suka wuce. Ya ɗaga hannu a hankali.

"Yallaɓai, agogunan tashoshin nan ba lallai su zo ɗaya ba."

Babban injiniya ya leƙo ta saman tabarau. "Kana nufin kwamfuta ta yi ƙarya?" Wasu suka yi dariya. "Wa ke saita su?"

"Ni ne, yallaɓai."

"To, ana saitawa ko ba a saitawa?"

Ya ce a lokacin fuskokin 'ya'yansa biyar ne suka gifta masa. Ya ga takardar korar da ke kan tebur tana iya sauya suna kafin a tashi daga zaman. Sai ya ji bakinsa ya ce, "Ana saitawa, yallaɓai." Injiniya ya juya shafi. Dogo ya waiwayo ya dube shi, kallo ɗaya, ya mayar da kansa. Kafin mako ya ƙare an sallami Dogo ba tare da komai ba, da tambarin sakaci a takardarsa, irin tambarin da ke rufe wa mutum ƙofar kowace tashar wuta.

Mu dai abin da muka gani shi ne Baba ya daina cin abinci a cikinmu. Muka ce kewar aboki ce, za ta wuce. Ashe lissafi yake. Yana da tabbacin agogunan sun saɓa, amma da nawa, kuma wane ne a gaba? Agogon hannunsa ba hujja ba ne, wa zai saurare shi? Yana bukatar ma'aunin da ba a yi masa musu. Ya rubuta takarda sau biyu yana neman a kawo wa tashoshi agogon da ke karɓar lokaci daga tauraron ɗan'adam. Ta farko aka ce babu shi a tsarin bana. Ta biyu ko amsa ba ta samu ba.

Ana nan sai mijin babbar 'yarsa, mai sha'awar wasa da ƙananan jirage marasa matuƙi, ya kawo masa wani da ya daki katanga ya tarwatse, a cikin leda. "Baba, ga shi ko za ka tsinci wani abu, ni dai na haƙura da shi." A cikin tarkacen akwai ɗan allo kamar tambarin wasiƙa, wanda ke karɓar saƙo daga taurarin ɗan'adam yana gaya wa jirgin inda yake. Baba ya ba shi wuta ya ajiye a bakin taga don ya ga ko yana da rai. Bayan 'yan mintuna wata 'yar shuɗiyar fitila ta fara ƙiftawa, ɗaya, ɗaya, ɗaya, ba gaggawa ba jinkiri. Ya sa 'yarsa ta nemo masa takardar bayanin allon ta buga, ya zauna da ita kwana da kwanaki yana ja wa kalmomi layi. A nan ya gano cewa allon yana aiko da lokaci a rubuce, amma rubutun yakan iso a makare, kamar wanda ka tambaya ƙarfe nawa sai da ya gama hamma ya amsa. Ita kuwa fitilar, farkon kowace ƙiftawarta shi ne ainihin farkon sakan, kai tsaye daga agogunan da ke cikin taurarin. Rubutun zai faɗa wa kwamfuta wane sakan ne, bugun fitilar ya faɗa mata daidai lokacin da ya fara. Abin da ya rage shi ne a ɗauko bugun nan daga ƙafar fitilar a kai shi cikin kwamfuta.

Faɗa ce da sauƙi. Ƙafar fitilar ba ta kai ƙwayar gero ba. Ya fasa wayar abin sauraren kunne ya zaro silin da ya fi gashi kauri kaɗan, ya goge bakin ƙarfen dalmarsa har ya zama kamar allura. A gwajin farko zafi ya yi yawa, fitilar ta ɗago gaba ɗaya, allon ya mutu. Surukin ya bi abokan wasansa ya samo masa na biyu. Wannan ya liƙu, amma kwamfutar ta yi kamar ba da ita ake ba, domin bugun allon wasa ba shi da ƙarfin da tsohuwar kafar bayan kwamfuta take ji. Sai da ya farke wata matacciyar na'ura a sito ya ciro abin da zai ɗaga ƙarfin bugun. Nan ma ya juya waya biyu, hayaƙi ya tashi, allo na biyu ya bi na farko.

Duk wannan a teburin cin abincin gidansa ake yi, ranakun hutu, bayan ya ture kwanuka gefe. Maiɗakinsa ta gaji da ganin tabon ƙuna a ledar teburinta.

"Malam, wai ita wannan fitilar me take gaya maka da mu ba ma gaya maka? Ko sallama aka yi ba ka ji."

Ya ajiye ƙarfen. Ranar ce ya faɗa mata abin da ya ce a gaban kwamiti, ita ce mutum na farko da ya ji. Ta ninke tsumman da ke hannunta. Sannan ta ce, "Matar Dogo ta daina zuwa gidan nan, ni ina ta zargin kaina ko wani abu na yi mata. To ka tashi ka je ka faɗa masa mana."

"In je da me? Da baki? Bakin ne ya kai shi inda yake."

Allo na uku ya yi. Ya saka shi a cikin robar sabulu, ya huda gefe ya fito da waya, ya jona da wata tsohuwar kwamfuta da aka jefar a sito, domin doka ta hana a taɓa na tasha. Da wannan ma'aunin ya riƙa auna agogon tashoshin biyu yana rubutawa a littafin makaranta mai layi-layi. A lokacin ne muka sa masa suna. In ya shigo sai wani ya ce, "Baba Sakan, yau nawa muka ci riba?" mu kwashe da dariya. Shi ma yakan murmusa. Babu wanda ya taɓa jan kujera ya ce, wai me kake nema ne?

Wata takwas yana awo, cikin zafi da sanyi, don kada a ce yanayi ne. Abin da ya fito bai sauya ba. Kwamfutar babbar tasha tana gaba da sakan ɗaya duk kwana biyar. Ta ƙaramar tasha tana baya da sakan ɗaya duk kwana goma. A kwana hamsin, tazarar sakan goma sha biyar ke nan. Dogo bai makara da sakan shida ba. Ya riga 'yan layi da kusan sakan tara, kamar dai yadda ya rantse.

Kai ne, Baba, ka zauna ka rubuta rahoton nan da hannunka, kuma kana iya fara shi da lissafi ka ɓoye sauran a shafi na biyar. Wanda ya buga maka shi a ofis yana nan da rai, ya ce layin farko cewa ya yi: "Ban saita agogunan ba tsawon kwana hamsin kafin hatsarin, kuma da aka tambaye ni na ɓoye." Ya ce maka, "Baba, ka san abin da wannan zai jawo maka kuwa?" Ka ce, "Buga kawai." Abin da ya jawo maka mun gani. Takardar gargaɗi ta fito cikin mako biyu, aka cire sunanka daga jerin ƙarin girma, bai sake komawa ba. Maganar Dogo kuwa aka ce ana dubawa. Injiniya ya ce ba za a buɗe shari'ar da aka rufe saboda kayan wasan yara a robar sabulu ba. Kuma, in ji shi, in Dogo ya yanke wuta, daga ina wutar da ta ƙona mutum ta fito?

Tambayar tana da ƙarfi. Abin da Baba ya iya shi ne naci. Ya yi ta bin manajan tasha har ya gaji ya ce ya jona abin nasa a kwamfutocin biyu, in wani abu ya lalace wuyansa. Bayan shekara ɗaya da 'yan watanni, 'yan layi suka koma gyara a layin nan dai. Aka ja bireka, aka sanar. Sabon jagoransu, da yake abin da ya sami Sarkin Hawa bai bar ransa ba, ya sake gwada layin da sandar gwaji kafin ya haɗa. Sandar ta yi ƙara. Layin da aka yanke yana da wuta. Wannan karon takardun biyu agogonsu ɗaya, babu inda za a laƙa wa mai bireka. Aka bi layi turke bayan turke har wata masana'anta da janaretanta ke tashi da kansa da zarar wuta ta ɗauke, makullinsa ya lalace, yana turo wuta baya cikin layi. Mutum huɗu ne a kan aikin ranar. Dukansu sun koma gida da ƙafafunsu.

Takardar wanke Dogo ta fito shekara uku da wata biyu bayan korarsa. Baba ya roƙa a ba shi ya kai da kansa. Ya same shi a wata rumfa bakin titi yana gyaran fanka da dutsen guga. Dogo da iyalinsa sun bar gidansu na da sun koma ɗaki biyu, babbar 'yarsa da ke karatun jinya ta dawo gida tun shekarar farko. Dogo ya goge hannu, ya karanta takardar har ƙasa, ya ninke.

"Ai na sani," ya ce. "Ni na ja birekar."

Baba ya fara bayani, kwana hamsin, abin da ya faɗa, abin da ya kamata ya faɗa. Dogo ya ɗaga masa hannu.

"Wannan ma na sani tun ranar. Na san fuskarka in kana ƙarya, shekara nawa muna cin abinci tare? Ban tona ka ba don na san yaran da ke gidanka. Na zauna ina jira ka sake ɗaga hannu. Har aka tashi ina jira."

Baba ya nemi gafara. Dogo ya ce ya yafe, Allah ya yafe mana baki ɗaya, ya jawo masa benci, ya aika aka kawo ruwa. Amma bai koma aiki ba, ya ce hannunsa ba zai sake yarda da bireka ba. Suna gaisawa har yau, in an yi rashi ko haihuwa suna zuwa wa juna. Kwano ɗaya dai ba su sake ci ba. Daga rumfar Baba ya wuce gidan Sarkin Hawa da kwafin takardar. Shi kuma da aka karanta masa sai ya kifa kai ya ce, "Shekara uku ina kwana da mutumin nan a raina, ashe ba shi ba ne." Washegari ya sa ɗan'uwansa ya kai shi rumfar Dogo.

Daga nan Baba bai tsaya ba. Tasha goma sha ɗaya ya bi, kowace ya haɗa mata nata, da 'yar baƙar eriya a kan rufi, daga allunan jiragen wasa da suka faɗi da waɗanda masu sha'awar haɗe-haɗe suka gaji da su. Wata a robar sabulu, wata a gidan tabarau, wata a akwatin alƙaluma. Shekara goma sha biyar suna aiki. A tsawon wannan lokaci an zauna bincike sau da dama, kuma akwai aƙalla mutum uku a cikinmu da takarda ta wanke su cikin awa guda saboda agogo bai saɓa ba. Ɗayansu ma bai san wa ya haɗa abin ba sai da ake shirya wannan rubutu. Wata matashiyar injiniya da ta zo bara ta buɗe ɗaya ta ga ɗinkin dalmar, ta tambaya wane kamfani ne ya yi. Aka nuna mata ƙarƙashin bene. Ita kaɗai ce a cikin masu digiri ta taɓa sunkuyawa ta shiga ɗakin nan da littafi a hannu, kuma ta same shi a lokacin da hannunsa ya fara rawa, idonsa na hagu ya yi hazo. Yanzu shi ke faɗa, ita ke riƙe ƙarfen.

Watan jiya aka kawo agogunan zamani da ya nema tun shekara goma sha takwas, a manyan kwalaye, da 'yan kwangila masu farar hula. Kafin su cire nasa, ita injiniyar ta nace a gwada su gefe da gefe. Bambancin bai kai kashi ɗaya cikin dubu na sakan ba. Shugaban 'yan kwangilar ya jinjina kai ya ce, "Wannan dattijo ya san aiki." Sannan suka tsinke wayoyin suka zuba su a kwali. Tasha uku ce kawai ta rage, su ma kafin sabuwar shekara za a sauya. A jawabin buɗe sababbin agogunan an gode wa mutum tara. Baba ba ya cikinsu, yana tsaye a baya yana tafi.

Baba, kai ne mai gyaran da ya fara da gyara nasa laifin. Mutane da yawa sun yi shiru irin naka a gaban manya, mu ma da ke wannan rubutu mun yi, muka koma gida muka yi barcinmu. Kai ka kasa barin abin ya wuce, ka biya da matsayinka, kuma ba ka taɓa cewa biyan ya isa ba. Ba za mu ce maka komai ya gyaru ba, ka fi mu sanin bai gyaru ba. Hannun Sarkin Hawa bai dawo ba, karatun 'yar Dogo bai dawo ba. Amma akwai mutum huɗu da suka sauko daga aiki lafiya, akwai waɗanda ba a kora ba, akwai 'ya'yansu da ba su ma san an taɓa yin wata barazana ba.

Mun gode, Baba. Ka yafe mana dariyar, ka yafe mana shekarun da muka wuce ƙofar ɗakinka ba mu leƙa ba. Allah ya ba ka lafiyar ido da ta gwiwa, ya sa ka huta cikin jikokinka, ya saka wa maiɗakinka da ta jure.

Ku kuma da kuke karantawa, a wurin aikinku akwai wani irinsa, a wani lungu, yana fama da abin da kuke gani kamar shirme. Ku ja kujera ku tambaye shi tun yana nan. In kuma wata rana kuka sami kanku a zaman da ake shirin yanke wa wani hukunci, kuna riƙe da gaskiyar da za ta cece shi, ku faɗe ta gaba ɗayanta a ranar, ko da za ta taɓa ku. Mun tambayi Baba ko yana da abin da zai ƙara. Ya ce, "Ku ce musu abin da na yi shekara uku ina haɗawa da waya da dalma, da a ranar na faɗe shi, bai fi kalma huɗu ba: ban saita su ba."